Hayar RV daga Minneapolis zuwa Badlands a watan Yuli: ina za a kwana, wace mota za a ɗauka?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Muna so mu ɗauki hayar RV, irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, mu tashi daga Minneapolis zuwa gandun daji na Badlands a Dakota ta Kudu tsakiyar watan Yuli. Mu shida ne, manya biyu da yara huɗu, ƙaramar tana cikin kujerar jarirai. Kwana shida muke da su. Wace irin mota ta dace, kuma man fetur zai kai nawa? Sannan na ga hotunan mutane suna kwana kyauta a bakin gaɓar dutse kusa da garin Wall, wurin ya burge ni ƙwarai. Can nake so mu sauka in babu matsala.

Alhaji Mai Tirela:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, fara da hanya tukuna. Daga Minneapolis ka bi titi na 169 zuwa Mankato, ka kama na 60 zuwa Worthington, a nan za ka hau babban titin I-90 ka miƙe yamma. Zuwa Sioux Falls mil 240 ne ko kusa da haka. Daga Sioux Falls zuwa mafita ta 131, wadda ke shiga Badlands ta ƙofar arewa maso gabas, mil 265 ne. Jimilla ya ɗan haura mil 500. Taswirar waya za ta ce maka awa bakwai da rabi, amma wannan lissafin ƙaramar mota ne. Da RV da yara huɗu ka sa awa goma, don haka raba shi biyu: rana ta farko ku kwana a Mitchell, ta biyu ku ƙarasa kafin la'asar.

Abin da nake so ka riƙe shi ne gudu. Dokar I-90 a Dakota ta Kudu mil 80 ce a awa, kuma mutane suna yin ta har su wuce. Kai kada ka bi su. Tsaya tsakanin 60 da 65 a layin dama. Titin daga gabas zuwa yamma yake, iskar kuwa yawanci daga kudu take busowa, ko daga arewa maso yamma in hadari ya wuce, wato kullum a haƙarƙari take dukan motar. Jikin RV bango ne tsaye, tsawo ya haura ƙafa 11, ga ƙafa 25 zuwa 30 a kwance. In tirela ta zo wuce ka, iskar gabanta za ta fara ture ka dama, in ta daidaita da kai kuma ta janyo ka hagu. Sabon direba sai ya fizge sitiyari, daga nan motar ta fara layi. Riƙe da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur kaɗan, kada ka taka birki da ƙarfi. Haka nan in ka fito daga ƙarƙashin gada ko daga bayan jerin itatuwa, iskar tana jiranka a wajen.

In hasashen yanayi ya ce bugun iska zai kai mil 40, ku yi zamanku, ko ku yi tafiyar da sassafe kafin ta tashi.

Mai kuwa: irin Class C da ake bayarwa haya, wato RV mai gado a saman kan direba, tana cin galan ɗaya a mil 8 zuwa 10. Zuwa da dawowa da yawon cikin gandun ka sa mil 1,200. In ka raba da 9 ka samu galan 133. Ninka da farashin makon da za ku tashi.

Maman Sadik:
Kafin maganar mai, a duba kujerar jaririyar. Ba kowace RV ce ke da wurin ɗaure ta ba. Doguwar kujerar da ke kallon gefe ba a ɗaura kujerar jariri a kanta. Sai mazaunin da ke kallon gaba, mai bel ɗin da aka kafe a jikin ƙarfen motar. Yawanci a teburin cin abinci ake samunsa, kuma sau da yawa sai an sauke teburin kafin kujerar ta shiga. Ka tafi da kujerar wurin masu hayar ka gwada da hannunka kafin ka biya, ka kuma ƙirga bel ɗin: motar da aka ce tana kwanar da mutum bakwai ba lallai tana da bel bakwai ba. Gadon da ke saman kan direba yara suna son sa, amma ba a hawa shi mota na tafiya.

Injiniya Bala:
Girma: ƙafa 28 zuwa 30 don mutum shida. Mai ƙafa 25 ta fi sauƙin tuƙi amma za ku takura, kuma tankunanta ƙanana ne. Lasisinka na kullum ya isa, tunda nauyinta bai kai laba 26,000 ba.

Maganar kwana a bakin gaɓa kuwa, ni ban goyi baya ba a watan Yuli. Wurin yana cikin Buffalo Gap National Grassland, kimanin mil shida kudu da Wall a kan titi na 240, kafin ƙofar Pinnacles. Kyauta ne, ana iya zama har kwana 14, amma babu ruwa, babu wuta, babu banɗaki, babu inuwar ko da itace ɗaya. Zafi a Badlands a Yuli wani sa'in yakan haura digiri 100 a ma'aunin Amurka, wato 38 a namu. Esin da ke kan rufin motar ba ya aiki da batir, sai da wutar zango ko janareta. Janaretan cikin motar, mai wat 4,000, yana shan kusan rabin galan a awa daga tankin man motar, kuma an yi shi ne ya mutu da kansa in mai ya sauka zuwa kwata, don kada ya bar ka a daji. Yawancin masu haya kuma suna cajin kowace awa da ya yi aiki. Awa takwas zuwa goma a rana, ka ga kyautar ta fara tsada.

Ka nemi wuri mai wuta a zangon Cedar Pass, cikin gandun, kusa da cibiyar baƙi ta Ben Reifel. Wurare 96 ne gaba ɗaya, wasu ne kawai ke da wuta, kuma su ne ke fara ƙarewa, don haka yi rajista tun yanzu. A can babu famfo ko ramin ƙazanta a kowane wuri, amma akwai inda ake cika ruwa da inda ake juye tanki.

Yaya Gambo:
Injiniya, a nan na saɓa da kai. Mutum ya tuƙo mil 500 don ya ga sarari, sai ka kai shi ya jera da motoci casa'in a fili ɗaya? Bakin gaɓar nan tudu ne, iska tana ratsa shi, kuma ƙasar busasshiya ce: da rana ta faɗi zafi yana sauka, dare yakan dawo digiri sittin da wani abu a ma'aunin Amurka. In aka buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna aka kunna fankar rufi, ba a buƙatar esi da dare. Fankar da batir take aiki, ba ta cin komai. Da rana kuma ai ba a zaune ake ba, ana yawo ne a cikin gandun da esin gaban mota. Abin da ake yi shi ne a iso wurin bayan ƙarfe shida na yamma, a tashi ƙarfe bakwai na safe. Janareta awa biyu ya isa a sanyaya ɗakin kafin barci.

Sharaɗi dai: kada a ajiye motar daf da baki, a bar aƙalla tsawon mota biyu saboda yara da kuma zaizayar ƙasa. A juya hancin motar ya fuskanci iska. Rumfar gefe kada a buɗe ta sam.

Injiniya Bala:
Yaya Gambo, dare mai kyau haka yake, ban musa ba. Daren hadari fa? Yuni da Yuli su ne lokacin tsawa da ƙanƙara a wannan yanki, kuma hadarin yakan haɗu ne da yamma, daidai lokacin da ka ce a iso. A kan tudun nan motar ce abu mafi tsawo a wurin. Sannan ga ƙasar. Yumɓu ne mai kumbura in ya sha ruwa, a busasshe kamar siminti, in ruwa ya taɓa shi minti goma sai ya zama kamar an shafa sabulu. Yana cika zanen taya ya manne, tayoyin baya masu bibbiyu su riƙa juyawa a banza. Motar da ta kai laba 14,000 ba a tura ta da hannu, kuma janwe mai ɗaukar irin wannan nauyi kuɗinsa ba wasa ba ne.

Abin da ya fi wannan ma: Baban Hanifa ya karanta takardar hayar. Da yawa suna hana bin hanyar da ba kwalta, ko su ce inshora ba ta biya in abu ya faru a can. Hanyar shiga wurin ƙasa ce mai kwazazzabai. In takardarsa ta hana, magana ta ƙare.

Yaya Gambo:
Maganar takarda gaskiya ce, a karanta. Amma in ba ta hana ba, ga tsakiya: ya kama Cedar Pass kwana uku, ya biya, ya ajiye. A cikin ukun, daren da hasashe ya nuna sama garau kuma ba a yi ruwa jiya ba, su je bakin gaɓa su kwana ɗaya da tankin ruwa a cike, baƙin tanki kuma, wato na banɗaki, fanko. In sun ga hadari ya taso daga yamma, titin kwalta yana kusa, su fita tun ruwa bai sauko ba, kada su jira su ga ko zai wuce. Asarar kuɗin dare ɗaya ce kawai.

Alhaji Mai Tirela:
Wannan ya yi. Ƙari ɗaya: zangon Sage Creek da za ka gani a taswira an ce kyauta ne, cire shi daga lissafi. An hana RV da ta wuce ƙafa 18, babu ruwa, kuma hanyarsa tsakuwa ce.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai. Zan duba takardar. To ruwa fa? An ce tankin galan 40 ne. Zai kai mu kwana nawa? Kuma gaskiya abin da ya fi damuna shi ne juye tankin banɗakin nan.

Maman Sadik:
Galan 40 ga mutum shida, in ba a kula ba kwana ɗaya ne, in an kula kwana biyu zuwa uku. Inda ruwa ke tafiya wuri uku ne: wanka, wanke-wanke da alwala a bakin famfo. Shawa tana zubar da kusan galan biyu a minti, kuma tukunyar ruwan zafi galan shida ce kacal. Akwai ɗan maɓalli a kan shawar: jiƙa jiki, rufe, saɓa sabulu, buɗe ka ɗauraye. Galan biyu zuwa uku sun isa mutum. Alwala kuwa a yi da buta a waje, buta ɗaya ta ishi mutum biyu, kuma ruwan bai shiga tankin wanke-wanke ba, wanda shi ne ke fara cika. Alamar cikarsa ita ce ruwa ya fara tasowa ta ƙasan wurin wanka.

Ruwan sha ku saya daban, galan ɗaya ga kowane mutum a rana a irin wannan zafi. Ba ku san yaushe aka wanke tankin motar haya ba. Kwanuka a goge maiƙo da takarda kafin a wanke, kada miyar da ta yi saura ta bi rariya, don wari zai dame ku a kwana na biyu.

Abinci: nama na halal ku saya a Minneapolis ko Sioux Falls, bayan nan kada ku sa rai. A dafa miya a gida a daskarar da ita a robobi, tana taimaka wa firjin ma. Firjin RV ba irin na gida ba ne in mai aiki da gas ne, yana ɗaukar awa takwas ko fiye kafin ya yi sanyi, kuma kaya masu ɗumi suna kashe masa ƙarfi. Ku roƙi masu hayar su kunna shi tun daren jajibiri.

Injiniya Bala:
Hajiya ta taɓo firji, bari in ƙara dalili. Irin wannan firjin ba shi da kwamfuresa. Wuta ce ke tafasa ruwan amoniya a cikin bututu, ya tashi sama, ya sauko da nauyin kansa. In motar ta karkace tana tsaye, ruwan ba ya saukowa daidai, bututun ya yi zafi fiye da kima ya toshe, kuma in ya toshe ba gyara sai canji. Motar na tafiya ba komai, girgiza tana motsa shi. Amma in za ku tsaya fiye da rabin awa a kan gangare, kashe shi. A zango a sa katakan daidaitawa ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa, a ɗora ma'aunin magina a ƙasan firjin har kumfar ta zauna tsakiya.

Juye tanki ba wuya, tsari ne kawai. Sa safar hannu ta roba. Tabbatar bawul biyun a rufe suke kafin ka cire murfin, in ba haka ba abin da ya taru a bayan murfin a ƙafarka zai sauka. Maƙala tiyon a jikin motar ka murɗa har ya kama, ɗaya bakin ka cusa a ramin ka danne da dutse ko ƙafa. Ja babban bawul na baƙin tanki tukuna, jira har ƙarar ta ɗauke, rufe. Sannan ja ƙaramin na ruwan wanke-wanke, shi zai wanke tiyon da ruwan sabulu. Rufe, cire daga jikin motar, ɗaga wannan bakin sama don ragowar ya gangara rami, ɗauraye da famfon wurin. Famfon nan ba na sha ba ne, kada farin tiyonka na ruwan sha ya kusance shi. Daga nan shiga ciki ka zuba galan biyu zuwa uku a masai tare da maganin tanki.

Kuskure biyu ne ke jawo toshewa. Na farko juyewa da wuri: a bari ya kai kashi biyu cikin uku, nauyin ruwan ne ke kwashe komai. Na biyu barin baƙin bawul a buɗe a zangon da ke da rami a kowane wuri: ruwa ya tsiyaye, mai kauri ya zauna ya taru ya bushe daidai ƙarƙashin masai. Mu masu tsarki da ruwa ma abin ya fi mana sauƙi, don yawan ruwa shi tankin ke so, sai dai zai cika da wuri, kwana biyu zuwa uku ga mutum shida. Tsumman goge jarirai kada ya shiga ko ɗaya. Fitilun da ke nuna cikar tanki kuma kada ka amince da su gaba ɗaya, takarda tana maƙalewa a kan na'urar ta nuna cike alhali fanko ne.

Wuta: Class C yawanci amfiya 30 ce, wato wat 3,600 duka-duka. Esi kaɗai yana cin amfiya 12 zuwa 15. In ka ƙara na'urar ɗumama abinci da butar lantarki lokaci guda, za ta yanke. Kashe makunnin sandar zangon kafin ka soka ko ka zare filogi. Ka tambayi masu hayar ko sun sa adafta ta 50 zuwa 30, don wani zangon soket na 50 kaɗai za ka tarar.

Alhaji Mai Tirela:
Injiniya, ruwan nan ina ganin kada ya ɗauko shi cike daga Minneapolis. Galan ɗaya laba 8.3 ne, galan 40 laba 330 da ɗoriya. Akwai takarda rawaya a jikin ƙofa da ke faɗin iyakar kayan da motar ke ɗauka, kuma mutane da ruwa duk suna cikin lissafin. Mutum shida da kayansu sun ci mafi yawa. Ya tafi da kashi ɗaya cikin uku don banɗaki a hanya, ya cika a Cedar Pass. Yawan kaya da ƙarancin iska da zafin kwalta su ne ke fasa taya. Kowace safiya kafin a motsa a auna iska, har da tayoyin ciki na baya, waɗanda ba a ganin saɓewarsu da ido saboda ta waje tana ɗauke da nauyin. Adadin yana jikin ƙofar direba. Kada a rage iska in taya ta yi zafi.

A gidan mai kuma a lura da abu biyu masu kama da juna. E85 mai hannu rawaya yawancinsa giyar masara ce, ba na wannan injin ba ne sai in an rubuta a murfin tanki. A yammacin jihar kuma ana sayar da fetur mai lamba 85, kai 87 za ka sa. Kashe firji da tukunyar ruwan zafi kafin ka shiga layin famfo, saboda harshen wutar gas ɗinsu a jikin motar yake ta waje. In za ka fita ka tuna gindin motar ya zarce tayoyin baya da nisa, in ka karya hagu yana fita dama ya daki sandar ƙarfen da ke gadin famfo. Bayan Chamberlain garuruwa suna nisa da juna, in mai ya sauka rabi ka cika: Murdo, Kadoka, Wall.

Malam na Fargo:
Tunda an gama da ƙarfe, a ɗan duba ƙasar da za a ratsa, don rabin tafiyar ita ce. Daga Minnesota har zuwa kogin Missouri masara ce da waken soya, ana juya su shekara-shekara. Tsakiyar Yuli masara ta kai tsawon mutum tana fitar da bunu, soya tana gwiwa. Gonakin an yanka su murabba'i, mil ɗaya kowane gefe, shi ya sa kowane mil za ka ga hanyar tsakuwa ta ratsa miƙe. Da kun sauka gangaren Chamberlain kun haye kogin, cikin ɗan lokaci ƙasa za ta canja. Dalili ruwan sama ne: Sioux Falls tana samun sama da inci 25 a shekara, Badlands kimanin 16. Sai kiwon shanu, da alkama wadda a Yulin ake girbinta, da ingirici a naɗe dunƙule-dunƙule har a cikin lambatun titi. Wajen Kennebec da Presho ku sa ido, za ku ga dawa. Gajeriya ce, ba ta wuce ƙugu, an zaɓo irin ne don injin girbi ya iya yanka, kuma abincin dabbobi ake yi da mafi yawanta. Yaran da aka haifa a nan ya kamata a nuna musu ita. Furen rana kuwa sai Agusta yake buɗewa, ba za ku same shi ba.

In kun sauka daga babban titi, injin girbi da tarakta suna tafiya mil 15 zuwa 25 a awa da alama mai kusurwa uku ruwan lemo a baya. Kada a wuce su a kan tudu ko kusa da mararraba, don sukan buɗe dama kafin su karya hagu. Hanyar da aka rubuta Minimum Maintenance kada RV ta shiga. Gona kuma mallakar wani ce ko ba shinge, hoto daga bakin hanya. Da magariba bareyi suna tsallaka titi, dalili ne na daina tuƙi kafin duhu.

Wurin hutawa na Chamberlain ya cancanci tsayawa, daga kan tudun ana ganin kogin gaba ɗaya, ga mutum-mutumin Dignity mai ƙafa 50 da aka kafa a 2016, kuma filin ajiye manyan motoci yana da faɗi.

Baban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, salla fa? Kasaru za mu yi duk tsawon kwanakin?

Malam na Fargo:
Nisan ya wuce mil 48 da ake sharɗantawa a mazhabar Malikiyya nesa ba kusa ba. Abin da ke yanke kasaru shi ne niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, ku kuwa uku za ku yi, don haka kuna kan kasaru har ku dawo. Farilla a tsaya a yi ta a ƙasa, wuraren hutawa suna da ciyawa mai tsabta. Alƙibla daga Badlands arewa maso gabas take, wajen digiri 37 daga arewa. Ku kula da agogo: bayan kun wuce Murdo, kafin Kadoka, lokaci yana komawa baya da awa ɗaya. Wani sa'in waya tana jinkirin canjawa, sai manhajar salla ta rikice, a sabunta wurin da hannu. Rana tana faɗuwa wajen takwas da rabi, tana fitowa kafin biyar da rabi, daren gajere ne. A shimfiɗa darduma a fili inda ake ganin ƙasa, ba cikin doguwar ciyawa ba, saboda macijin nan mai ƙaraurawa a wutsiya.

Yaya Gambo:
Cikin gandun: kuɗin shiga dala 30 ne ga mota, na kwana bakwai. Titi na 240 daga mafita ta 131 zuwa Wall kusan mil 40 ne, duk kwalta, RV tana bi lafiya, sai dai akwai gangare da kwana a Cedar Pass da wajen Pinnacles. Danna maɓallin tow/haul ka bar giya ta riƙe motar, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa. Filin ajiye mota na hanyoyin ƙafa na Door da Window da Notch ɗaya ne, yana cika kafin ƙarfe tara, ku je bayan asuba. Door bai kai mil ɗaya ba zuwa da dawowa, farkonsa katako ne, daga nan sai bin sanduna masu lamba a kan farar ƙasa mai tsattsagewa. Notch mil ɗaya da rabi ne da tsanin gungume da gefen rami, ba na ƙananan yara ba ne. Hanyar Fossil Exhibit kwata mil ce, keken jariri yana bi. Hukumar gandun ta ce kowane mutum ya ɗauki kusan lita biyu a tafiyar awa biyu. Wurin kallon tuddai na Yellow Mounds da yamma ya fi kyau, lokacin da rawaya da jan ƙasar ke fitowa sosai.

Tsaunukan suna zaizayewa kimanin inci ɗaya a shekara, shi ya sa ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ke ta bayyana. In yaro ya tsinci wani, a ɗauki hoto a bar shi a wurin a gaya wa ma'aikata, ɗauka laifi ne. Ɓauna a ba ta ƙafa 100 aƙalla. 'Yan dabbobin nan masu kama da kurege da ke tsaye a bakin ramuka kada yara su kusance su, ƙumarsu tana ɗauke da annoba. Ba a hura wutar itace a ko'ina cikin gandun, ba a tashin jirgi maras matuƙi.

Maman Sadik:
In rana ɗaya ta ragu kuka ce za ku leƙa Black Hills, kada ku bi Needles Highway da wannan motar. Ramin dutsen da ke kan hanyar faɗinsa bai wuce ƙafa takwas da 'yan inci ba, RV ɗin ta kai haka tun ba a sa madubai ba. Rubuta tsawo da faɗin motar a takarda ka manna a gaban sitiyari. Kuma kada kwanakin su zame zuwa farkon Agusta, lokacin taron babura na Sturgis ne, zango ba ya samuwa har Wall.

Baban Hanifa:
To ga yadda na tsara: mai ƙafa 30, daren farko Mitchell, uku a Cedar Pass, ɗaya daga ciki a bakin gaɓa in takarda da sama sun yarda, daren ƙarshe Sioux Falls. Allah ya saka wa kowa da alheri. Akwai abin da ya rage?

Injiniya Bala:
Amin. Ranar karɓar motar ka ɗauki bidiyon jikinta duka, har rufi da gilashin gaba, don tabon ƙanƙara da na tsakuwa su ne ake jayayya a kansu. Danna maɓallin gwajin na'urar hayaƙi da ta iskar gas a gabansu, ka sa su kunna janareta da esi tare na minti biyar. Kada a yi barci janareta na aiki tagogi a buɗe. Ka tambaya mil nawa aka ba ka kyauta da kuɗin kowane mil na ƙari, don a 1,200 shi ne zai iya zama babban kashi na kuɗin. Tankuna biyu a juye su a zangon Sioux Falls da safe kafin ku kama hanya, daga nan a yi amfani da banɗakin gidajen mai har Minneapolis, in ba haka ba za su caje ka kuɗin juyewa.